Ciwon wuyan hannu mai tafiya yana dawowa ga yaro mai tasowa: tambayoyi da amsoshi

Yaro ko yarinya tsakanin shekara 10 da 18 sai ya riƙa kuka da wuyan hannu: ya yi ciwo kwana biyu, ya lafa, bayan mako uku ya sake tashi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da masu horar da 'yan wasa da su kansu matasan suka fi maimaitawa a kan wannan. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi. Duk bayanin da ke nan bai kai likita ya riƙe hannun ya duba da kansa ba, amma zai taimaka ku san lokacin da za a je da abin da za a faɗa masa.

Ba ciwon girma ba ne kawai, wanda zai wuce da kansa?

Wannan ita ce amsar da aka fi sallamar yaro da ita, kuma yawanci ba ita ba ce. Abin da likitoci ke kira ciwon girma yana da kamanninsa: a ƙafafu yake, duka biyun, a cinya ko ƙwauri ko bayan gwiwa. Da yamma ko cikin dare yake zuwa, gari na wayewa ya tafi, babu kumburi, babu ɗingishi. Ya fi kama 'yan shekara 3 zuwa 12, kuma a tsoka ake jinsa, ba a cikin gaɓa ba. Ciwon da yaro zai sa yatsa ɗaya ya nuna muku wurinsa a wuyan hannu, wanda ke tashi in ya dafa ƙasa ko ya daɗe yana rubutu, ba ya cikin wannan sahun.

Girma na da hannu a lamarin, gaskiya ne, amma ta wata hanya dabam, wadda amsa ta gaba ta yi bayaninta.

Me ya bambanta wuyan hannun mai tasowa da na babba?

A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8, jere biyu, huɗu-huɗu. Suna zaune a bakin dogayen ƙasusuwa biyu da suka taso daga gwiwar hannu: radiyos a ɓangaren babban yatsa, alna a ɓangaren ƙaramin yatsa. Dab da ƙarshen kowannensu, ga wanda bai gama girma ba, akwai wani siririn guringuntsi da ya gitta ƙashin. Daga nan ƙashi ke ƙara tsawo, shi ya sa ake ce masa guringuntsin girma. Na radiyos da ke nan wuyan hannu shi kaɗai ke ba da kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon ƙashin. Yakan rufe ya zama ƙashi tsantsa wajen shekara 16 ga 'yan mata, wajen 17 ko 18 ga samari, wani ya riga, wani ya makara.

Kafin ya rufe, wannan guringuntsin ya fi jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar rauni. Faɗuwar da za ta ba babba targaɗe kawai, ga ɗan shekara 13 tana iya tsaga guringuntsin. Abin ya fi tsananta a lokacin da yaro ke harbawa da sauri, wato wajen shekara 11 zuwa 12 ga 'yan mata, 13 zuwa 14 ga maza. A wannan ɗan tsakanin ƙashi na riga ƙwarinsa tsawo, tsoka da jijiya kuma suna biyo baya a ɗame. Kamar ɗanyen gini ne: ya tashi, amma bai isa a ɗora masa nauyin da za a ɗora wa busasshe ba. Shi ya sa karayar wuyan hannu ta fi yawa a daidai waɗannan shekarun.

To me ya fi jawo ciwon da ke tafiya yana dawowa?

Aikin da ya fi ƙarfin gaɓar, ana maimaita shi ba hutu. Wasan jimnastik da alkafura, ɗaga ƙarfe, motsa jikin da ake dafa ƙasa ana ɗago jiki, tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ƙwallon raga, ƙwallon kwando, tanis, kiɗa, ɗaukar kaya masu nauyi, doguwar riƙon waya ko na'urar gem, da rubutun lokacin jarrabawa. Sai tsohon rauni da bai warke daidai ba, wanda aka ɗauka targaɗe ne. Bayan waɗannan akwai ƙullutun ruwa da sakin gaɓoɓi. Cututtuka irin su amosanin gaɓɓai suna nan, amma su ne 'yan kaɗan.

Tambayar da ta fi saurin tona asirin ciwon ita ce: me ya canza a 'yan makonnin da suka gabaci farawarsa? Sabon wasa, ƙarin kwanakin atisaye, sabuwar waya, ko wando da ya ɗage cikin wata uku saboda tsawo. Iyaye da dama sukan ce babu abin da ya canza, sai an zauna da yaron shi kaɗai sannan a ji ya fara ɗaga ƙarfe da abokansa.

Wurin da ke ciwon yana nuna wani abu?

Ƙwarai kuwa, kuma shi ne abu na farko da ya kamata a tantance. Ku ce ya nuna da yatsa ɗaya, ba da tafin hannu ba.

Idan ciwon ya gitta bayan wuyan hannu, ɗan sama kaɗan da inda gaɓar ke lanƙwasa, kuma dafa ƙasa ke tayar da shi, guringuntsin girma na radiyos ake fara zargi. Duba amsar jimnastik da ɗaga ƙarfe. Idan a gefen babban yatsa ne yana ja zuwa sama, kuma motsa yatsan ke ƙara shi, jijiyoyin da ke jan babban yatsa ne suka fi kama da masu laifi. Duba amsar waya da rubutu. Akwai kuma wani ɗan kwarmi a gindin babban yatsa, wanda ke bayyana in an miƙe yatsan baya. Ciwo a cikin wannan kwarmin bayan faɗuwa ba abin wasa ba ne, an ware masa amsa ta musamman a ƙasa. Ciwon tsakiyar bayan hannu da ke zuwa in an tanƙwara hannun baya sosai, sau da yawa ƙullutun ruwa ne, ko da ba a ganinsa.

Ɓangaren ƙaramin yatsa kuma akwai wani ɗan matashin guringuntsi mai kusurwa uku tsakanin bakin alna da ƙananan ƙasusuwa. In ya yage ko ya gaji, ciwon na zuwa ne wajen murɗawa: buɗe murfin kwalba, juya makulli, matse wanki, wani lokaci har da ɗan ƙara. Idan kuwa yatsu ne ke mutuwa ko ake jin kamar ana tsira allura, musamman babban yatsa da manuniya da na tsakiya, to jijiyar saƙo ce ta matsu, ba ƙashi ba.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

A kai shi asibiti a ranar idan hannun ya karkace ko ya canza siffa bayan faɗuwa, ko ya kasa riƙe komai, ko yatsun sun yi fari ko sun yi duhu sun yi sanyi, ko sun mutu ba sa dawowa. Haka nan idan gaɓar ta kumbura ta yi zafi, yaron na zazzaɓi kuma ba ya yarda a taɓa ta. Wannan na iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓa ko ƙashi, kuma irin wannan na cin guringuntsi cikin 'yan kwanaki.

Akwai wasu da ba na gaggawar sa'o'i ba ne amma ba a barinsu su kwana da yawa: ciwon da ke tashin yaro daga barci dare bayan dare alhali bai yi wani aiki ba, rama, yawan gajiya, fatar ido ta yi fari, tabon jini a fata ba tare da bugu ba, kumburin da ke ƙaruwa, ko wasu gaɓoɓin su ma su fara. Ciwon daji a ƙashi ko a jini ba kasafai ake samunsa ba, amma da irin waɗannan alamun yake sallama. Ko babu ɗaya daga cikinsu, ciwon da ya wuce mako biyu duk da hutu, ko ya dawo karo na biyu da na uku a wuri guda, ya isa dalilin ganin likita.

Idan babu waɗannan alamun, me za mu yi a gida?

A dakatar da aikin da ke tayar da ciwon, shi kaɗai, ba dukan motsi ba. Yaro na iya gudu, ya yi karatu, ya ci gaba da harkokinsa, hannun ne ba za a ɗora wa nauyi ba. In ciwon ya tashi sabo ko akwai ɗan kumburi, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora minti 15 zuwa 20, sau da dama a rana, na kwana biyu ko uku. Kada a ɗora ta kai tsaye a fata. Mai cutar sikila ba a sa masa ƙanƙara, duba amsarsa. A cire zobe da agogo, a riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji in an zauna. Bayan kwanakin farko, ɗumi ya fi wa mutane da yawa daɗi, musamman in tsoka ce ta ɗaure.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lafawar ciwo a matsayin warkewa. Ciwo kan ɗauke cikin kwana uku ko huɗu, naman da ya ji rauni kuwa sai ya yi makonni. Yaro ya koma atisaye da cikakken ƙarfi ranar da ya daina jin zafi, bayan kwana goma a koma gidan jiya. Ga yawancin masu wannan matsalar, a nan gizo ke saƙa.

Wane magani za a iya ba shi, kuma na kwana nawa?

Farasitamol ko ibufurofen, gwargwadon shekaru da nauyin da aka rubuta a jikin kwalin, na 'yan kwanaki. Ibufurofen ana shansa ne bayan an ci abinci, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma sai ya tambayi likita tukuna. Ba a haɗa shi da dikulofenak, domin dangi ɗaya ne, illarsu ga ciki da ƙoda ce kawai ke ninkuwa. Asfirin ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita, saboda cutar Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Taramol da makamantansa ba su da gurbi a nan ko kaɗan, haka ma ƙwayoyi ko allurar sitiroyid da ba likita ne ya rubuta ba.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci: kada a sha maganin ciwo kafin atisaye don a samu a yi wasa. Zafin shi ne ke gaya wa yaro ya tsaya. In an toshe shi, aikin ɓarna ya ci gaba ba tare da an sani ba.

Murza wurin, ko jan hannun, ko ɗaure shi da bandeji yana taimakawa?

Tausa mai laushi a tsokar da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu babu laifi. Murza gaɓar da ƙarfi ko fizgar hannun don a "mayar da shi wurinsa" kuwa haɗari ne, tunda ba a san ko akwai tsagewa ba. Guringuntsin da ya tsage bai goce ba, ja ɗaya na iya gotar da shi. Maɗaurin wuyan hannu mai ɗan ƙarfe a ciki yana da amfani na mako ɗaya ko biyu, ko da dare, ko lokacin aikin da ba makawa. Wanda ya mayar da shi tufafin kullum, gaɓarsa za ta sandare, tsokar ta yi rauni, ciwon ya fi saurin dawowa. Ko wane irin ɗauri ne, in yatsu suka kumbura ko suka canza launi, ya matse da yawa, a sassauta.

Ya faɗi a kan tafin hannu watanni da suka wuce, an ɗauki hoto an ce babu karaya, amma har yanzu yana ciwo. Me ke faruwa?

A koma, a kuma ambaci ƙashin sikafoyid da sunansa. Ɗaya ne daga ƙananan ƙasusuwan nan 8, yana ƙarƙashin kwarmin gindin babban yatsa, kuma shi ne ya fi karyewa a cikinsu. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, karayarsa sau da yawa ba ta fitowa a hoton ranar farko. Shi ya sa in likita ya zarge ta yakan ɗaure hannun ya ce a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, ko a yi hoton MRI, wanda ke nuna karayar da hoton ƙashi bai nuna ba. Ta biyu, jini na shiga wannan ƙashin ne ta ƙarshensa na wajen yatsu yana komowa baya. In ya karye a tsakiya, ɓarin da ke baya na iya rasa jini, ya ƙi haɗewa, wani lokaci ya mutu.

Abin takaicin shi ne ba ya kumbura sosai, ciwonsa kuma mai jurewa ne, don haka saurayi mai son ƙwallo zai iya yawo da shi shekara guda yana cewa targaɗe ne. In an gano da wuri, ɗaurin siminti na wajen mako 6 zuwa 12 yakan wadatar. In an makara, sai aiki: a sa ƙusa, wani lokaci a ɗebo ɗan ƙashi daga wani wuri a cike. Wanda aka bari har abada, gaɓar na lalacewa a hankali tun yana matashi.

'Yata na wasan jimnastik, ɗana kuma ya fara ɗaga ƙarfe. Sai sun daina?

Ba lallai ba, amma sai an saurari hannun. A jimnastik hannu ne ke aikin ƙafa, yana karɓar nauyin da ya ninka na jiki a kowace dira, kuma a tanƙware baya. Guringuntsin radiyos sai ya kumbura ya faɗaɗa, ana iya ganin hakan a hoto. Ya fi samun 'yan shekara 10 zuwa 14. Maganinsa hutu ne daga duk abin da ke ɗora nauyi a hannu, yawanci mako 6 ko fiye, wani har wata uku, sannan a dawo mataki-mataki. In aka yi biris aka ci gaba, guringuntsin na iya rufewa kafin lokacinsa. Radiyos ya tsaya, alna ta ci gaba da tsawo har ta riƙa tokarar ƙananan ƙasusuwa, ciwon ya koma ɓangaren ƙaramin yatsa ya zauna. Wasu sai an yi musu aikin rage tsawon alna. Gasar da aka rasa ta wata biyu ba ta kai wannan ba, ko da mai horarwa bai so ba.

Ɗaga ƙarfe a ƙarƙashin kulawar wanda ya sani, da nauyi daidai ƙarfi, ba ya hana yaro tsawo. Raunin na zuwa ne daga gasar wa ya fi wani, da ɗaga abin da ba za a iya sauke shi a hankali ba, da barin wuyan hannu ya karye baya a ƙarƙashin ƙarfen. A riƙe shi a miƙe. Idan dafa ƙasa da tafi ke kawo ciwo, a gwada da dunƙulen hannu ko a kan mariƙi, in har hakan bai yi zafi ba.

Waya da gem da yawan rubutu na iya jawo wannan?

Suna iya wa. Jijiyoyi biyu da ke jan babban yatsa suna bi ta wani matsattsen kube a gefen wuyan hannu. Yawan shafa fuskar waya da yatsa ɗaya, alhali hannun ne kuma ke riƙe da ita, yana sa kuben ya yi kauri su riƙa gogawa. Likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, shi ya bayyana wannan a 1895, tun babu waya, domin kowane aiki mai maimaita motsin yatsan na kawo shi. Gwajinsa: a sa babban yatsa cikin dunƙule, a karkata hannun a hankali zuwa wajen ƙaramin yatsa. Ko lafiyayyen hannu yakan ɗan ja, saboda haka a gwada duka biyun a kwatanta.

Gyaran ba ƙwace wayar ba ne, wanda ba ya ɗorewa ko ta yaya. A riƙe ta da hannu biyu ko a jingina ta, a huta bayan kowane minti 20 zuwa 30, a daina kwanciya da ita a sama da fuska. Wajen kwamfuta, wuyan hannu ya zauna a miƙe, kada ya jingina a kaifin tebur. Mai rubutu kuma a duba yadda yake damƙe biro. Wanda farcensa ke yin fari don matsewa, biro mai kauri zai sauƙaƙa masa. Matsewar jijiyar saƙo a wuyan hannu, wadda manya masu aikin kwamfuta ke fama da ita, ba ta cika kama matasa ba, don haka mutuwar yatsu ga yaro abin a kai wa likita ne, ba a ɗora wa waya a wuce ba.

Wani ƙullutu ya fito a bayan wuyan hannunta, yana girma yana raguwa. Ƙari ne?

Mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a nan gangiliyon ne: 'yar jaka mai ruwa mai yauƙi da ta ɓullo daga gaɓa ko kuben jijiya. Ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya komawa shi. Yakan cika in an yi aiki, ya sace in an huta, in an haska tocila a jikinsa a cikin duhu haske na ratsa shi. Kusan rabinsu na ɓacewa da kansu, ga yara ma fiye da haka. Kada a fasa shi da duka, kada a huda shi da allura a gida, tunda yana haɗe da cikin gaɓa. Likita na iya zuƙe ruwan, sai dai yakan dawo. Aiki sai in yana ciwo sosai ko yana hana motsi. Ƙullutu mai tauri kamar ƙashi, wanda ba ya motsi kuma girma kawai yake, ba wannan ba ne, a kai a duba.

Wuyan hannunsa na yin ƙas-ƙas, kuma yana iya lanƙwasa yatsunsa fiye da kowa. Akwai alaƙa?

Ƙarar da ba ciwo ba kumburi ba matsala ba ce. Wadda ke zuwa da zafi, ko jin kamar wani abu ya goce ya koma, ita ce ake bincika. Sakin gaɓoɓi kuwa ya zama ruwan dare ga yara, musamman mata, kuma likitoci na auna shi da ma'aunin Beighton mai maki 9: ƙaramin yatsa ya tanƙwaru baya ya wuce digiri 90, babban yatsa ya taɓo hannu, gwiwar hannu da ta ƙafa su wuce miƙewa, kowanne dama da hagu, sai dafa ƙasa da tafi ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Mai irin wannan jikin tsokarsa ce ke aikin da jijiya ta kasa, shi ya sa yake saurin gajiya da rubutu. Ƙarfafa tsoka yake buƙata, ba miƙa ta ba, kuma ya rage nuna wa abokai abin mamaki da yatsunsa.

Da safe hannun ke sandarewa, sai rana ta yi ya saki. Yaro na iya samun amosanin gaɓɓai?

Yana iya wa, kuma wuyan hannu na cikin gaɓoɓin da ya fi kamawa. Ana kiransa na yara idan ya fara kafin shekara 16 kuma kumburin gaɓa ya kai mako 6. Tsarinsa kishiyar ciwon yawan aiki ne: hutu ke ƙara shi, motsi ke sassauta shi. Sandarewar safe na iya kai rabin sa'a ko fiye, yaro ya kasa ɓalla maɓalli ko matsa man goge baki. Gwajin jini na iya fitowa lafiya alhali cutar na nan, don haka duban likita ne ke yanke hukunci. Wanda aka tabbatar yana da ita ana duba idonsa a kai a kai, saboda wani kumburin cikin ido da ke zuwa shiru. Magunguna irin su metotirezet sun sauya labarin wannan cuta sosai, matuƙar an fara da wuri.

Ciwon da ke tashi daga wannan gaɓa ya koma waccan, da zazzaɓi, mako biyu ko uku bayan ciwon maƙogwaro, wani abu ne dabam mai iya taɓa zuciya. Ya shiga sahun alamun da ba a jira da su. Haka budurwar da ciwon gaɓa ya haɗu mata da ƙuraje a fuska, zubewar gashi da zazzaɓi.

Yana da sikila. Shawarar ɗaya ce?

A'a. Sanyi na tayar da ciwon sikila, don haka ɗumi ake sa masa, ba ƙanƙara ba, ya kuma sha ruwa sosai. Masu sikila sun fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta a ƙashi, kuma da wuya a bambance wannan da tashin ciwon da aka saba a gida. Zazzaɓi tare da ciwon ƙashi a wuri guda na nufin asibiti a ranar. Kada kuma a ɗora komai a kan sikila: shi ma yana iya karyewa ko ya gajiyar da gaɓa kamar kowa.

Ƙarancin bitamin D fa?

Yana sa ƙashi ya kasa yin ƙwari, kuma buƙatar jiki na ƙaruwa lokacin harbawa. Alamarsa a wuyan hannu ita ce bakin ƙasusuwan ya yi faɗi, a hannu biyun, tare da ciwon ƙafafu da baya da raunin tsoka. Wanda ba ya samun rana sosai ya fi shiga haɗari. Gwajin jini ne ke tabbatarwa. Ciwon hannu ɗaya a wuri ɗaya da wuya ya zama shi kaɗai ne dalili.

Me likita zai yi, kuma me za mu tafi da shi?

Zai tambaya, ya danna wurare ɗaya bayan ɗaya, ya gwada motsi da ƙarfin damƙa, ya kwatanta da ɗaya hannun. Hoton ƙashi ne na farko, wani lokaci na hannu biyu don a ga bambancin guringuntsin. Hasken na'urar da ke ratsa jiki wajen ɗaukarsa kaɗan ne ƙwarai. Daga irin wannan hoton ake gane ko yaro na da sauran tsawo. Sikanin na nuna ƙullutu da jijiyoyi, MRI na nuna ɓoyayyar karaya da guringuntsi, gwajin jini kuma sai in ana zargin kumburi ko cuta. Ba kowa ke buƙatar dukansu ba.

Ciwon da ke zuwa yana tafiya yana da halin ɓacewa ranar asibiti. Saboda haka ku rubuta ranakun da ya tashi, abin da ake yi lokacin, ko safe ne ko dare, da maganin da aka sha. In ya kumbura, a ɗauki hotonsa da waya kusa da ɗaya hannun. A ɗakin likita kuma ku bar yaron ya yi bayani da bakinsa. Shi ke da hannun, kuma akwai abin da zai faɗa in ba a tari numfashinsa ba.

Yaushe zai koma wasa, kuma ta yaya za a hana ciwon dawowa?

Idan hannun na lanƙwasa ko'ina kamar ɗayan ba zafi, danna wurin ba ya ciwo, damƙarsa ta kusa daidai da ta ɗaya hannun. Daga nan a bi mataki: jingina da bango, sai tebur, sai ƙasa a durƙushe, sai cikakken nauyi, kowane mataki 'yan kwanaki. Alƙalin shi ne washegari da safe. In an tashi da ciwo, a koma matakin baya. Likitan gashin ƙashi zai koya masa atisayen ƙarfafa wuyan hannu da ɗan ƙaramin nauyi ko roba, har da kafaɗa, domin kafaɗa mai rauni kan tura aikinta ga wuyan hannu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka na ba da shawarar yaro ya huta daga wasansa kwana ɗaya ko biyu a kowane mako. A watannin da ake ganin yana harbawa, a rage nauyin atisaye tun kafin hannun ya yi magana.

Hannun zai gajarce ko ya karkace nan gaba?

Ga mafi yawansu a'a. Ƙashin mai tasowa na warkewa da sauri, har yakan gyara ɗan karkacewa da kansa. Kaɗan ne guringuntsinsu ke rufewa da wuri bayan karaya, shi ya sa likita kan ce a dawo a sake hoto bayan wata 6 zuwa 12 ko da babu ciwo. Wannan ziyarar ce aka fi tsallakewa, kuma ita ce ke kama matsalar tun tana ƙarama. Akwai kuma wani karkacewa da ake haihuwar mutum da tushensa, mai sunan likitan Jamus Otto Madelung, wanda ke bayyana lokacin balaga, galibi ga 'yan mata kuma a hannu biyu: bakin alna ya tsiro sosai a baya, hannun ya zame gaba. Wanda ya ga haka ya nemi likitan ƙashi.

An yi duk gwaje-gwaje ba a ga komai ba, amma tana ta kuka da shi. Ko dai ƙirƙira take yi?

Da wuya. Hoto mai kyau galibi na nufin babu karaya ko ƙari, ba ya nufin babu ciwo. Gajiyar jijiya da sakin gaɓa ba sa fitowa a hoton ƙashi. Wani lokaci kuma, bayan ɗan rauni ya warke, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi sukan ci gaba da ƙararrawa, har shafar riga ta zama azaba, fatar ta riƙa canza launi ko ɗumi. Rashin barci, fargabar jarrabawa da matsi daga wajen wasa suna ƙara wa irin wannan wuta, kuma wasu yaran ta hannun suke faɗin cewa sun gaji da wasan da ba su san yadda za su ce sun daina ba. A tambaye ta wannan a keɓe, ba a gaban mai horarwa ba.

Irin wannan ciwon, ɗauri da ɓoye hannu ƙara shi suke yi. Abin da ke aiki shi ne a dawo da amfani da hannun kaɗan-kaɗan tare da likitan gashin ƙashi, a gyara barci, ta ci gaba da zuwa makaranta, in da hali a nema mata ƙarin lokaci ko ɗan hutu a tsakiyar dogon rubutu. Idan wata sabuwar alama ta fito daga cikin waɗanda aka lissafa a sama, ko wata uku suka wuce ba sauƙi, a koma a sake dubawa daga farko, ko a nemi ganin likitan ƙashi mai kula da hannu.